Shafin da Madam Ba Ta da Makullinsa

Ni mutum ne mai son yabo. Gara in faɗa da bakina tun da wuri, don abin da ya same ni a Riyad a shekarar nan daga nan ya taso, ko da yake na daɗe ina raba wa wasu laifin.

A lokacin tuƙi nake yi. Kamfanin da ya ɗauko ni daga gida na wani dattijon Balarabe ne, shi ne kafilina, wato mutumin da zamana a ƙasar yake hannunsa. In ya ce zauna na zauna, in ya ce tafi sai haɗa kaya. Shekara biyu na yi ina kwasar leburori daga unguwar Gubaira zuwa wurin gini. Da aka gano ina jin Turanci, don na yi difloma a gida kafin takardar ta gaji da kwanciya a akwati, sai aka miƙa ni ga wani injiniya Ba'amurke da kamfanin ya kawo. Shi ba ya buƙatata, yana tuƙa kansa, kuma rabin wata a wajen gari yake yi. Matarsa da 'ya'yansu huɗu aka ba ni, tunda a wancan zamanin mace ba ta tuƙi a ƙasar.

Ranar farko na tsaya na sayo shayi kofi biyu, na miƙa wa maigidan ɗaya don a fara da mutunci. Ya yi godiya har da dafa ƙirji, ya ce ba sa sha. Na ce to gahawa fa? Ya ce ita ma. Na ce a raina lallai kun ɓato hanya, kun zo ƙasar da ba a gaisawa sai da ɗan kofi a hannu. Daga baya Madam ta yi mini bayani cewa su Mormon ne. Ban taɓa jin sunan ba. Kiristoci ne a faɗarsu, amma ba giya, ba taba, ba shayi, ga son 'ya'ya kamar mutanen garinmu. Na ce to ai saura kaɗan ku zama namu. Ta yi dariya, ta ce ita ma haka take cewa game da ni.

Ibadarsu ta Lahadi sun mayar da ita Juma'a, ranar da ba aiki. Ba wanda ya gaya mini haka, ido ne ya gaya mini. Kowace Juma'a da safe za su fito tsaf, yaran an taje musu kai har yana ƙyalli, littattafai a cikin jakar cefane, in kai su wani gida mai doguwar katanga a wata unguwa da har yau ba zan faɗi sunanta ba. A kan kwana nake sauke su, su ƙarasa da ƙafa. Ni in wuce masallaci, in dawo bayan an sauko. A ƙasar ba a yin ibadar da ba ta Musulunci ba a fili. Ta cikin gida kuwa, wasu su ce ana kau da kai, wasu su ce ana kau da kai ne har zuwa ranar da ba a kau ba. Ban tambaye su ba, ba su gaya mini ba, muka zauna lafiya a haka fiye da shekara.

Madam marubuciya ce, irin wadda ba ta iya bari rana ta faɗi ba ta rubuta ta ba. Ta ce al'adarsu ce kowa ya riƙe littafin da yake rubuta rayuwarsa saboda jikoki, ita tun tana 'yar shekara takwas ta fara. Da intanet ta zo sai matansu da yawa suka mayar da littafin bulog, kowace da shafinta. Na ga nata. Haƙorin yaro ya fita, burodi ya ƙone, abaya ta maƙale a ƙofar mota. Masu karantawa su ne mahaifiyarta, 'yan'uwanta mata, da wasu ƙawayen makaranta. In ka haɗa su duka ba za su cika bas ɗin leburorina ba.

A hankali na shiga shafin nan. Na yi mata wani karin magana a hanya, ta ce in maimaita, washegari sai ga shi a rubuce, mahaifiyarta ta rubuta a ƙasa cewa a gaishe ni. Shi ke nan, kai ya kumbura. Nakan koma ɗakinmu a unguwar Manfuha in zauna ina tono karin magana saboda gobe, kamar mai shirin jarrabawa. Hoto ma ta sha ɗaukata. Akwai ranar da ta nuna mini wani, na ce hulata ta karkace a ciki. Muna tsaye a danja ta danna wayarta sau biyu, kafin a ba mu hannu hoton ya ɓace. Daga ranar na ɗauka haka intanet take, abin da ka sa da hannunka kana iya cirewa da hannunka.

Wanda bai taɓa yarda da lamarin ba shi ne Alhaji, abokin zamana a ɗaki. Dattijo ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya haura shekara ashirin a ƙasar. Duk sanda na nuna masa hotona sai ya kalla ta saman tabarau ya miƙo mini wayar.

"Ɗana, ni ko a walimar suna ba na tsayawa gaban kyamara. Baƙo a nan, in ba a san da shi ba ya fi daɗewa."

Na ce Alhaji zamani ya wuce ka. Ya ce to, Allah ya sa ya tsaya a kaina.

Wata safiya bayan mun sauke yara a makaranta na ga Madam tana ta murmushi ita kaɗai a madubi. Na ce lafiya? Da Turanci muke magana, ni da nawa na difloma, ita da nata na gado.

"An gayyace ni in yi rubutu a babban shafi," in ji ta.

"Wanda kike da shi ƙarami ne?"

Sai ta gyara zama ta warware mini. Ashe mutanensu a intanet kashi biyu ne. Akwai irinta, kowa da shafinsa, yana rubuta gidansa. Akwai kuma shafukan haɗin gwiwa, inda mutum goma sha wani abu suke haɗuwa, lauyoyi da malaman jami'a da masu dogon karatu, suna rubutu bi da bi, suna tafka gardama kan tarihin addininsu da matsayin mata a cikinsa da abin da shugabanninsu suka ce da abin da ya kamata su ce. Dubban mutane ke karanta su.

"Su suna ganin mu masu hoton kek ne kawai," ta ce. "Mu kuma muna cewa su masu neman rigima ne. Amma ba a taɓa gayyatar ɗayarmu ta ƙi ba."

Na gane. Nata tsakar gida ne, nasu majalisar mai shayi ce, sai dai babu shayin.

Ta ce wata daga cikinsu ce ta yi tuntuɓe da shafinta, ta ce suna son jin yadda ake rayuwar addini a ƙasa irin wannan. Sannan ta tambaye ni, da ladabi ƙwarai, ko na yarda ta rubuta a kaina. Wannan ban taɓa musawa ba, ta tambaya. Ni kuwa a lokacin fuskar mahaifiyarta nake gani tana cewa a gaishe ni, sai dai yanzu uwayen sun zama dubu. Na ce Madam rubuta. Har na ƙara da cewa ta zaɓi hoton da na yi kyau. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Bayan kwana goma, ran Lahadi da hantsi, muna wurin ajiye motoci na wani babban kanti ta miƙo mini wayarta ta ce ya fito. Na karanta. Rubutu ne mai daɗi, ba zan ci amanarsa ba. Ta ba da labarin direbanta Musulmi ɗan Najeriya da yake kai su wurin ibada kowace Juma'a, ya wuce nasa masallacin, su yi addu'a ya yi addu'a, su haɗu a mota kowa fuskarsa a sake. Ta ce ban taɓa tambayarsu ba, kuma shirun nawa ya fi mata wa'azi da yawa. Na ji daɗi har cikin ƙashina. Na ja shafin ƙasa.

Sai ga ni. Farin kaftani, hula zanna a zaune daram, hannu a kan ƙofar mota. Na yi kyau, ta cika alkawari. Hoton na wata Juma'a ne da zafi ya yi yawa, na tausaya wa yaran na matso har bakin gidan. A bayana ga koren ƙyaure, ga bishiyar da ta leƙo ta saman katanga, ga rabin tambarin kamfaninmu a jikin mota. A shafinta irin wannan hoton ba komai ba ne, mahaifiyarta ba ta san gabas da yamman Riyad ba. Ita kuwa yadda ta saba rubuta wa mahaifiyarta haka ta rubuta wa duniya.

A ƙasa masu sharhi sun fi ɗari. Wannan ya ce ya yi hawaye, wancan ya ce ina ma a gida haka ake zama. Ina cikin bi sai na kai kan wani da ya ce ya yi aiki a Riyad shekaru, kuma ya gane layin nan, har ya tuna mai wankin da ke kan kwanar. Nan take na fara lissafi. Saura kwana goma sha tara iƙamata ta ƙare, wato katin izinin zama, kuma sabunta shi sai da sa hannun kafili. Kafilina mutum ne mai riƙon addini, shi ya gina wa leburorinsa masallaci a wurin aiki. Babban ɗansa, wanda ke riƙe da ofis, a Amurka ya yi karatu, Turancinsa ya fi nawa. Ga motarsu, ga direbansu, ga bayanin inda yake kai mutane da bakin wadda ake kaiwa. In abin ya je gare su ba sai an kira hukuma ba. Ƙin sa hannu kawai ya isa. A gida kuwa akwai mata da 'ya'ya uku da tsohuwa, duk ido a kan katin nan.

"Madam, a cire."

Ta kalle ni, ta kalli hoton, na ga fuskarta ta canza launi yadda tasu take yi. Ta karɓi wayar, ta ɗaga yatsa, sai yatsan ya tsaya a sama.

"Ba ni da makullin," ta ce a hankali.

"Ba ke kika rubuta ba?"

"Ni baƙuwa ce a can. Aika musu na yi, su suka ɗora."

Na ce to su cire mana. Ta ce za ta rubuta musu yanzun nan, sai dai akwai ƙa'ida. Shekarun baya wani daga cikinsu ya taɓa goge rubutunsa bayan an kayar da shi a gardama, aka yi rigimar da ta kusa tarwatsa shafin. Tun daga nan suka yi yarjejeniya, duk abin da ya fito aka yi sharhi a kansa ba a taɓa shi sai dukkan masu shafin sun amince. Na ce su nawa ne? Ta ce goma sha huɗu. Na ce yanzu suna ina? Ta duba agogo ta ce a Amurka dare ne, suna barci.

Ban san yadda na tuƙa mu gida ba. Na san dai sau biyu aka yi mini ham a danja.

Kwanakin da suka biyo baya na kasa zaune na kasa tsaye. Kowace safiya da na sauke yara, Madam za ta buɗe imel ta karanta mini inda aka kwana, ni kuma ina riƙe da sitiyari kamar mai jiran sakamakon asibiti. Wadda ta gayyace ta ta ce a cire nan take, ta kuma ba da haƙuri. Wata lauya ta ce ta tausaya, amma tana son sanin ko direban ya ba da izini tun farko. Wani malamin jami'a ya rubuta abin da ya kai shafi biyu, yana cewa in aka fara cire rubutu saboda tsoron gwamnatoci ina za a tsaya. Wani ya ce a shafe tambarin motar a bar sauran. Wata ta ce ba a shafe-shafe a hoto, rashin gaskiya ne ga masu karatu. Uku ba su amsa ba. Shi kuma wanda ya kafa shafin, wanda maganarsa ke raba gardama, ya tafi daji da yaransa kwana a tanti, inda ba waya. Mutanen kirki ne, na yarda, kowannensu ya ce yana sa ni a addu'a. Amma ina ce musu ga yaƙi suna ce mini ga ƙura.

Ni kuma na zama bawan wayata. In na ajiye Madam in buɗe shafin, in na fito daga banɗaki in buɗe, ina idar da salla kafin in shafa addu'a hannuna ya kai aljihu. Masu sharhi ɗari da talatin, ɗari da sittin. Duk sunan da ya yi kama da na Larabawa sai gabana ya faɗi. In wayar ta yi ƙara na ga lambar ofis, sai na yi salati kafin in ɗauka, a ce mini a kawo mota canjin mai. A masallacin unguwa in wani ɗan Najeriya ya daɗe yana kallona sai in ce shi ke nan, ya gani, gobe Manfuha za ta ɗauka cewa wane ya zama direban coci. Abinci ya fita raina. Alhaji ya zuba mini ido kwana biyu, ran na uku ya ce in faɗa masa ko ya daina gaishe ni. Na faɗa masa. Bai ce ai na gaya maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Wa ke da shafin?" ya tambaya.

"Su goma sha huɗu ne, Alhaji."

"To ba mai shi ke nan. Da mutum ɗaya ne sai a je a durƙusa masa. Wa za ka durƙusa wa a cikin goma sha huɗu?"

Ran Alhamis maigidan ya dawo daga wurin aiki. Ashe Madam ba ta gaya masa ba. Ban ji abin da suka yi a ciki ba, su ba sa ɗaga murya, faɗansu sai ka ga mutum yana wanke kwanon da aka riga aka wanke. Ya fito ya same ni a mota, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce laifinsu ne. Na ga shi ma tsoro ne fal a idonsa, don gidan nan mai koren ƙyaure ba su kaɗai ke zuwa ba, kuma an sha gargaɗinsu kada a rubuta komai a kansa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Shi ya zauna ya rubuta wa goma sha huɗun da kansa. Ban san me ya ce musu ba, amma washegari hoton ya sauka, ba su ma jira mai tanti ba. A Juma'ar nan ba su je ko'ina ba.

Na yi ajiyar zuciya, ta kwana ɗaya. Domin mutanen nan ba su iya yin abu a ɓoye ba, gaskiya ta yi musu yawa. A inda hoton yake suka rubuta sanarwa da manyan baƙaƙe cewa bayan doguwar shawara sun cire hoto saboda tsaron lafiyar direban da ke zaune a Riyad, amma rubutun zai zauna bisa ƙa'idarsu. Wanda bai lura da hoton ba a da, yanzu ya fara tambaya me ke cikinsa. Wani mai taimako ya bayyana masa. Kwana biyu bayan haka malamin jami'ar nan ya fitar da sabon rubutu sukutum, kan ko daidai ne abin da suka yi, aka buɗe sabuwar gardama a ƙarƙashinsa. Garin gyaran gira an tsone ido.

Ranar da Madam ta karanta mini wannan, a kan hanyar dawowa daga makaranta, na gangara gefen titi na tsaya. Ban taɓa yi mata magana ba tare da murmushi ba sai ranar.

"Madam, in abin nan ya ɓaci, ke jirgi za ki hau ki koma gida, a tarbe ki da furanni, ki rubuta labarin a karanta a yi kuka. Ni ma jirgi zan hau. Amma ni in na sauka, 'ya'yana za su tambaye ni me na kawo, ba me ya faru ba. Ki gaya wa mutanenki ni ba darasi ba ne. Direba ne ni, saura kwana tara katina ya mutu."

Ta yi kuka. Ban rarrashe ta ba. Na ja mota. Har yau ina jin nauyin maganar, don a duk cikinsu ita ce ta fi son a cire, ita ce kuma ba ta da iko. Amma ita ce a kusa, kuma ba zan iya yi wa goma sha huɗu tsawa ba.

Saura kwana huɗu, ma'aikacin da ke bin mana takardu a ofis ya kira ni. Yadda aka saba, shi ke miƙo wa mutum sabon kati a bakin ƙofa, ko zama ba a yi. Wannan karon ya ce Shaikh yana son ganina gobe bayan azahar. Na ce lafiya? Ya ce shi dai saƙo aka ba shi. A shekara uku da rabi sau biyu na taɓa ganin kafilina kusa da kusa.

Ofishinsa a Nasiriya yake. Na je da wuri na zauna a benci ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da aka shigar da ni na tarar da shi shi kaɗai, ɗansa ba ya nan, sai na ji ɗan sanyi. Ya amsa sallamata da kyau, ya ce in zauna, ya sa aka zuba mini gahawa. Ya tambayi iyali. A kan tebur, ƙarƙashin tafin hannunsa, ina hango gefen sabon katina.

"Ya waladi," ya ce, haka yake kiran duk wanda ya girme, wato ɗana. "Amurkawan nan suna kyautata maka?"

"Na'am, ya Shaikh. Mutanen kirki ne."

"Ina kake kai su ranar Juma'a?"

Na ajiye kofin a kan faranti. Na ce gidan abokansu, suna cin abincin rana tare.

Ya kalle ni. Ba fushi a fuskarsa, gajiya ce.

"Motar da sunana take. Kai ma da sunana kake. Na tsufa, ba na son a jawo mini abin da zan amsa a nan, balle wanda zan amsa a can. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ibada suke zuwa yi?"

"A'a, ya Shaikh."

"Wallah?"

Larabawa suna faɗin kalmar nan kamar yadda muke cewa ashe. Amma shi ba haka ya faɗe ta ba, kuma ya san na san ba haka ya faɗe ta ba. Zan so in ce a lokacin yaran Madam na tuna, da mutanen da ke shiga gidan nan biyu-biyu, na ce bari in rufa musu asiri. Da labarin ya fi kyau. Gaskiya ita ce gefen katin nake kallo.

"Wallah," na ce.

Ya ɗaga hannunsa, ya turo mini shi da yatsa ɗaya. Ya ce Allah ya yi albarka. Na yi godiya na fito.

Har yau ban san ko ya ga shafin ba, ko wani ya gaya masa, ko kuwa tambaya ce ta tsohon da ya san duniya. Ruwa dai ba ya tsami banza. Su kuwa goma sha huɗun, bayan mako guda mai tanti ya dawo daga daji, suka kaɗa ƙuri'a, suka sauke rubutun gaba ɗaya, suka aiko a ba ni haƙuri. Na ce Madam ta ce musu na gode. Ban gaya mata abin da ya faru a Nasiriya ba, na ce mata kawai kati ya fito, ta yi tsalle kamar yarinya.

Amma a ranar, daga ofis Manfuha na wuce. Na sami Alhaji a ƙofar masallaci bayan la'asar yana neman takalminsa. Na ja shi gefe na gaya masa komai, ban rage ba. Sannan na ce ya gaya mini kaffarar, ciyarwa ce ko azumi, in fara gobe.

Ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya da ɗayan a hannu.

"Ɗana, kaffara ta wanda ya rantse zai yi abu ya kasa ce. Wannan taka, da ka san ƙarya ce tun kafin ta fito daga bakinka, malamanmu sun ce ba ta da kaffara. Ta fi ƙarfin azumi. Sai tuba."

"To na tuba, Alhaji. Wallahi na..."

"Bar rantsuwar haka nan, ta yau ta isa." Ya sa ɗaya takalmin. "Ka tuba. To katin yana ina?"

Yana aljihun gaban rigata, tun daga Nasiriya hannuna yake dafe da shi. Ban ciro shi ba. Shi ma bai sake tambaya ba, muka taka zuwa ɗaki.